Samarina Sun Ga Tsutsa a Hantar Gafiya, Ko Tana Kama Mutum?

"Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Daura. Kowace shekara in an gama girbi samarin gidanmu sukan fita haƙar gafiya. Makon jiya sun kamo biyu. Da suka feɗe, sai suka ga wani farin ƙulli a hantar ɗaya, suka fasa, sai ga tsutsa a naɗe a ciki. Hantar ɗayar kuwa duk zane-zane ne masu ruwan ɗorawa. Suka cire hantar suka jefar bayan ɗaki, suka gasa naman suka ci. Ga kuma ɓeraye sun addabe mu a ɗakin hatsi. Ƙaramar ɗiyata 'yar shekara huɗu ta daɗe tana kukan ciki, ga rama, an ba ta maganin tsutsa na kemis amma ba ta daina ba. Shin tsutsar ɓera tana kama mutum? Ko ita ce ke damun yarinyar?" (Wani magidanci daga ƙasar Daura)

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba yarinya lafiya. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: mene ne samarin suka gani a hantar nan, ko tsutsar da ke jikin ɓera da gafiya tana iya komawa jikin mutum, sannan ko ita ce ta hana ɗiyarka sakat. Ni likitan dabbobi ne a nan Katsina, feɗe ɓeraye da duba kashinsu a madubin likita na cikin aikina, don haka biyun farko zan yi maka bayaninsu ba tare da kwana-kwana ba. Na ukun sai an auna yarinyar, amma zan faɗa maka abin da za ka nemi a duba.

E, akwai tsutsotsin ɓera masu kama mutum. Sai dai wadda ta fito daga ƙullin nan, wadda na san ita ta fi ba ku tsoro, kusan ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Ni abin da ya tsaya mani a rai cikin saƙonka shi ne hantar da aka jefar bayan ɗaki, sai ɓerayen ɗakin hatsi.

Da wuya ka feɗe babban ɓera, na gida ko na daji, ko gafiya, ka same shi babu tsutsa ko ɗaya. Dabba ce da ke cin duk abin da ta samu: hatsi, ƙwari, kashi, har mushen 'yar'uwarta. Amma kowace tsutsa tana da hanyar da Allah ya tsara mata, kuma yawancinsu in suka kuskure wannan hanya sai su mutu. Ƙananan fararen tsutsotsin da ke cika babban hanjin ɓera, alal misali, nasa ne shi kaɗai. Masu kama da su da ke sa yaranmu susar dubura da dare daga yaro suke zuwa yaro, babu hannun ɓera. Saboda haka ganin tsutsa a cikin ɓera bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne wace iri ce, kuma ta ina take bi.

Abin da ke cikin hantar

Farin ƙullin nan, wanda bai fi ƙwayar gurjiya girma ba, ɗan tsilar kyanwa ne. Uwar tana zaune a hanjin kyanwa, ƙwanta na fita da kashin kyanwar, ɓera ya haɗiye shi cikin abinci, ya ƙyanƙyashe, ɗan ya tafi hanta ya yi wa kansa jaka ya naɗe yana jiran ranar da kyanwa za ta ci ɓeran. In an warware shi yakan kai santimita da dama, shi ya sa yake firgita mai fiɗa. Mutanen da aka taɓa samun wannan tsila a cikinsu a duk duniya ba su taka kara sun karya ba, kuma wuta tana kashe ta. Da shi kaɗai suka gani, da na ce ka kwantar da hankalinka.

Zane-zanen hanta ta biyu su ne magana. Ba zan rantse ba tunda ban gani ba, amma yadda ka kwatanta ya yi daidai da wata siririyar tsutsa da muke kira kafilariyar hanta. Tun 1984 likitocin dabbobi a Zariya suka ba da rahoton samun ta a hantar gafiya. Zanen da ake gani ba ita kanta ba ce, tarin ƙwanta ne da ta zuba cikin naman hantar, dubbai bisa dubbai. Abin mamaki game da ita, ƙwan ba ya fita ta kashi. Yana nan a kulle har sai dabbar ta mutu ta ruɓe, ko wata dabba ta ci hantar ta kasayar da shi. Ko ya fito ma bai isa cutar da kowa ba tukuna, sai ya samu iska da ƙasa mai danshi ya yi kamar wata guda, sannan ya nuna.

Daga nan za ka ga inda hatsarin yake. Wanda ya ci hantar, ko da ba ta gasu sosai ba, ɗanyen ƙwai ya haɗiya. Zai bi hanjinsa ya fita bai yi masa komai ba. Har ma in aka auna kashinsa cikin kwanakin a ga ƙwan, ma'aikacin da bai saba ba ya ɗauka cuta ce. Wanda ke cikin hatsari shi ne yaron da ke rarrafe ko wasa a wurin da hantar ta ruɓe bayan wata ɗaya ko biyu, musamman mai cin ƙasa. Shi nunannen ƙwai zai haɗiya, ya ƙyanƙyashe a hanjinsa, 'ya'yan su bi jini su shiga hanta. Alamominsa zazzaɓi mai naci, kumburin hanta, da hauhawar wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Awon kashi ba ya nuna ta, sai an tsakuro ɗan naman hantar da allura. Waɗanda aka tabbatar da ita a jikinsu a rubuce kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu ƙananan yara, kuma a 1983 an ba da rahoton wata mata 'yar Najeriya. Ra'ayina shi ne ƙarancin nan har da rashin dubawa, domin a wurinmu yaro mai zazzaɓi da kumburin ciki, maleriya da sikila da shawara ake fara kawowa a rai, kuma galibi da gaskiyar masu kawowa. Cuta ce mai wuyar samu, amma in ta kama tana iya kisa.

Kai dai lokaci bai ƙure maka ba, tunda mako guda ne, ga shi rani ne. Ka je bayan ɗakin da shebur, ka kwashe abin da ya rage da ƙasar saman wurin, ka ƙone ko ka binne da zurfi nesa da gida. In kaji ko kare sun riga ka, to sun watsa ƙwan da kashinsu, sai a share tsakar gida da kyau. Zafin rana da bushewar ƙasarmu na kashe da yawa. Inda yake tsira shi ne gindin randa, makwarara, bakin rijiya, da inuwar da ake wanke-wanke, wato daidai inda yara ke son zama.

Ɗakin hatsi

A nan ne tsutsar ɓera ta fi samun hanyar shiga cikin mutum, kuma ba ta nama ba. Akwai tsilar ɓera, mai tsawon santimita 20 zuwa 60, da ke kwance a ƙaramin hanjinsa. Ƙwanta na fita cikin kashinsa, ɓera ɗaya kuwa yakan zubar da kashi wajen 40 a yini, yana tafe yana saki a kan buhu da cikin gari. In mutum ya haɗiye ƙwan kai tsaye ba ya kamuwa. Dole sai ƙwaro ya fara ci: ƙananan jajayen ƙwarin nan da ke cikin tsohon gari, tsutsar gari, kyankyaso, ko 'ya'yan ƙuma. A cikin ƙwaron ƙwan ke zama ɗan tsila. Duk wanda ya haɗiye ƙwaron, ɓera ne ko yaro, cikin kamar mako uku tsilar ta girma a hanjinsa.

Za ka ce wa zai ci ƙwaro da gangan? Babu. Amma duba abincinmu da ba ya hawa wuta. Gumba ɗanyen gero ce. Fura an dafa ta, amma bayan an cura sai a birkiɗa ta cikin ɗanyen gari, kuma sau da yawa garin da ya kwana a buɗe ne. Garin kwaki da ruwan sanyi ake jiƙa shi a sa ƙuli. Ga dabino, ga aya, ga gyaɗar da ta daɗe a buhu, ga hatsin da yara ke dumbuza su watsa baki in ana surfe. Ƙwaron gari bai fi milimita uku ko huɗu ba, da daddare a hasken tocila ba wanda zai gan shi. Wurin da ni na fi zargi shi ne injin niƙa, inda gari ke taruwa a lungu da ƙarƙashin inji wata da watanni, ɓeraye su yi ta sha'aninsu da dare, da safe a zo a niƙa na mutane. Tuwo da kunu da koko ba su da wannan matsala, tafasa ta gama da komai.

Tsilar ɓera tana da ƙanwa, gajeriyar tsila, wadda ba ta wuce santimita 4 ba. Ita ce tsilar da ta fi yawa a cikin mutane a duniya, musamman yara a ƙasashe masu zafi da bushewa irin tamu. Ba ta buƙatar ƙwaro. Ƙwanta yana fita a shirye, hannu ya kai shi baki, shi ke nan. Ƙari a kan haka, yana iya ƙyanƙyashewa tun bai fita daga cikin yaron ba, sai ya zama tsilar da ba ta wuce mako shida a raye ba ta yi shekaru tana sabunta kanta a ciki ɗaya. Ana samun ta a ɓera da kusu, amma a nan ya kamata a yi wa ɓera adalci: masana na da saɓani kan ko irin ta ɓera ita ce ainihin ta mutum, kuma mafi yawan yaran da ke ɗauke da ita daga 'yan'uwansu yara suka samo ta, ta hanyar kashin da ake yi a fili da cin abinci ba wanke hannu. Ko an kashe duk ɓerayen ƙauye, in ba a gyara wannan ba tana nan.

Akwai kuma wata tsutsa mai ƙayoyi a ka, wadda kyankyaso ke ɗauka daga kashin ɓera. An samu rahotonta a jikin mutum a arewacin Najeriya a 1992. Jarirai masu rarrafe da ke tsintar abu a ƙasa su sa a baki ne ta fi samu.

Waɗanda za ka ji labarinsu amma ba su ne naka ba

In ka bi labarai za ka ji ana ta maganar tsutsar huhun ɓera. An fara gano ta a 1935 a kudancin ƙasar Sin, aka same ta a jikin mutum a Taiwan a 1945. Daga kashin ɓera take shiga katantanwa da dodon koɗi, in mutum ya ci su ɗanye ko ya haɗiye ƙaramar katantanwa cikin ganye, sai ta hau ƙwaƙwalwa ta haddasa wani irin sanƙarau. Ta fi ƙarfi a Tailan da tsibiran Tekun Fasifik, an kuma ba da rahotonta a ɓerayen Fatakwal. Mu ba ma cin dodon koɗi, ƙasarmu kuma ba ta da danshin da take so, kuma ban ci karo da ita a ɓerayen da na feɗe ba. Abin da ya shafe mu a ciki bai wuce a wanke latas da kabejin fadama ganye-ganye ba.

Haka tsargiya. A Senegal, bayan an gina madatsar ruwa ta Diama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a yankin Richard Toll, kuma an samu ɓerayen bakin ruwa ɗauke da ita. Amma fitsarin jinin da ke damun yaranmu masu wanka a kududdufi da bakin dam irin su Sabke da Zobe, fitsarin mutum ne ke kai shi ruwa.

Naman kansa

Hukuncin cin gafiya na bar wa malamai. Ta fuskar lafiya, akwai tsutsar da ke ɓuya cikin tsokar nama, tirikinela, wadda ido ba ya gani. A Afirka an fi samun ta daga naman gadu, amma dangin ɓera ma na ɗaukar ta. Maganinta wuta ce, sai tsakiyar naman ya kai zafin digiri 71, wato babu sauran ja ko ruwan jini har jikin ƙashi. Gashin da samari ke yi a daji da karan dawa yakan ƙone waje ya bar ciki ɗanye. In dole sai an ci, a dafa a tukunya.

Amma Malam, zan zama na ɓoye maka gaskiya in na tsaya a kan tsutsa. Abin da ya fi tsutsa haɗari a harkar ɓeran daji shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Ƙwayar cutar na cikin fitsari da kashi da jinin wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa, wanda ke shigowa gidaje da rani in abinci ya ƙare a gona ko an cinna wa daji wuta. Lokacin da cutar ke tashi a Najeriya, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, shi ne lokacin farautar samarinku. Wuta na kashe ƙwayar, amma kafin a kai ga wuta an riga an kama da hannu, an sha cizo, an feɗe, jini ya taɓa ƙujewa. Masu haƙar gafiya kuwa ba sa barin ɓeran da ya faɗo hannunsu. Ita ma gafiyar ba ta fita zargi ba: ƙyandar birin da ta ɓulla a Amurka a 2003 an bi sawunta har zuwa dabbobin dangin ɓera da aka kai daga Ghana, da gafiya a cikinsu. Duk wanda cikin samarin ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya cikin kwana 21 da fiɗar nan, a kai shi asibiti, kuma a faɗa wa likita ƙarara cewa ya feɗe gafiya. Kada kunya ta hana.

Yadda za a yi da ɓerayen

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin hatsi na zube a ƙasa, gari na buɗe a ƙwarya, kwanukan dare na kwana ba a wanke ba, duk wanda ka kashe wani zai maye gurbinsa, domin haihuwarsu ta fi kisanka sauri. Don haka a fara da ajiya. Duro na ƙarfe mai murfi ya fi komai. Jarka mai kauri ma ta yi. Buhun PICS mai gida uku yana kashe ƙwarin da ke ciki saboda rashin iska, amma haƙorin ɓera na huda shi, sai a ɗora shi kan katako, a janye daga bango. A toshe ramuka da siminti, ƙasa kaɗai ba ta tare su. A sare ciyawa da tarin kara daga jikin ɗaki. Gari kuma a riƙa niƙa na 'yan kwanaki, a rufe, a tankaɗe da rariya mai laushi kafin a yi amfani da shi, musamman wanda za a birkiɗa fura.

Na fi son tarko a kan shinkafar ɓera, kuma ina da dalili. Da tarko ka san inda gawar take, ka ɗauke da leda a hannu ka ƙone. Da guba kuwa ɓeran zai je ya mutu a rufin ɗaki ko bayan buhuna, ya ruɓe a can, ƙwan da ke hantarsa ya zuba, ƙumar jikinsa ta watse neman wani jini. Ban da kajin da ke tsintar hatsin gubar, da yara irin ɗiyarka. Na ga gidan da aka yi asarar kaji gaba ɗaya a dare guda ta wannan hanya, ɓerayen kuma suka dawo kafin wata ya zagayo. Kyanwa tana taimakawa, ko da yake ita ce uwar ɗakin farin ƙullin nan. A riƙa ba ta maganin tsutsa, a hana ta kashi inda yara ke wasa. Kashin ɓera kuma kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, a bari ya jiƙa, sannan a kwashe.

Ita yarinyar

Rashin jin maganin kemis bai ba ni mamaki ba. Abin da aka fi sayarwa da sunan maganin tsutsa albendazol ne ko mebendazol. Suna aiki sosai a kan macijin ciki da tsutsar da ke shan jini a hanji, amma ba sa gamawa da tsilolin nan biyu. Nasu maganin firazikwantel ne, irin wanda ake raba wa 'yan makaranta saboda tsargiya, sai dai awonsa daban: miligiram 25 ga kowane kilo na nauyin yaro, kuma ga gajeriyar tsila akan maimaita bayan kamar kwana 10 saboda 'ya'yan da ke ɓoye a bangon hanji lokacin shan farko. Na faɗi awon ne don ka san da nauyi ake lissafa shi; likita ne zai ɗora ta a sikeli ya rubuta.

Wannan bai nuna tsila ce ke damun ta ba. Ciwon ciki da rama a 'yar shekara huɗu na iya zama ƙwayoyin cutar ruwan sha irin su jiyadiya da amiba, ko tamowa, ko sikila, ko ma tarin fuka na ciki, kuma ba mai raba su daga nesa. Ka kai ta babban asibitin Daura ko wani mai ɗakin awo. A kai kashinta sabo, na kwana uku daban-daban, domin ƙwan ba kullum yake fita ba, awo ɗaya na iya cewa babu alhali akwai. Ka gaya wa likitan akwai ɓeraye a ɗakin abinci, ka roƙi a duba ƙwan tsila. Mai awon da ya saba zai iya raba su: na gajeriyar ƙarami ne mai wasu zarurruka a gefe biyu, na tsilar ɓera ya fi girma kuma ba shi da su. Bambancin na da amfani gare ka. In na ɓera ne, ɗakin hatsi za ka gyara. In na gajeriyar ne, sai a auna sauran yaran gidan a yi musu magani tare, a yanke musu farce, a dage da sabulu bayan bayan-gida da kafin cin abinci, in ba haka ba za ta sake ɗauka daga wurinsu.

A haɗa da awon jini, a duba ƙarancinsa da yawan iyosinofil, likita kuma ya taɓa cikin ya ji hanta da saifa. In kana ganin tana cin ƙasa, ka faɗa masa. Idan kuwa akwai zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko cikin ya kumbura ta dama, ko idonta ya yi rawaya, ko ƙafafunta sun kumbura, kada ka tsaya tara kashin kwana uku, ka kai ta a ranar.